Kangon da Kawu Ya Gyara Mini

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga ka, ba zai kwashe makon da aka haifa mini 'yata ta fari ba, domin a makon ne Kawuna ya yi mini wani gyara da ya kusa mayar da ni Sudan.

Ni magini ne, kuma a hannun wannan Kawun, yayan mahaifiyata, na koyi sana'ar tun muna gida Sudan. A Kurayyat, wata unguwa a Jidda, muke zaune, gida ɗaya. A lokacin saura wata guda iƙamata, wato takardar izinin zamana, ta ƙare, kafilina kuma, wato ubangidan da ya tsaya mini, ya rufe kamfaninsa ya ce in nemi mai karɓata. Ana cikin haka Allah ya haɗa ni da wani muhandis, wato injiniya, ɗan Jidda, wanda ya yi karatun gini a Ingila. Ya ce idan na yi masa aiki ɗaya ya yi kyau a istiraharsa, wato lambun hutawarsa da ke bayan gari, zai mayar da kafalata hannunsa.

Ya buɗe mini wani littafi mai kauri. Aikin wasu magina da masu zane ne na ƙarni na goma sha tara, waɗanda a cewarsa suka gaji da gine-ginen zamanin injina, suka koma kwaikwayon na kakanninsu na shekaru ɗaruruwa baya. Ga ƙofofi dogaye masu tsini a sama, ga tagogi masu gilashi kala-kala. Har nan ina gyaɗa kai. Sai ya juya shafi ya ɗora yatsa a kan hoton wani kango, rabin katanga a zube, ciyawa ta fito ta tsakanin duwatsu.

Ya ce, "Hada! Wannan nake so."

Na ce, "A ina yake, in je in gyara?"

"La, la! A'a, gina shi za ka yi. Haka, a rushe."

Ashe wasu daga cikin mutanen nan, tsabar son tsohon abu, sabon kango suke ginawa a lambu, su zauna suna kallonsa suna shan shayi. Na cije leɓe na ce masa an gama. Sai da na shiga motar haya na saki dariyar, har direban ya riƙa leƙena ta madubi.

Mako uku na yi ina gina rushewa. Ƙofofi uku masu tsini, ta tsakiya na tsayar da ita a rabi. Na gutsure gefen duwatsu da guduma, na shafa gawayi da toka, na kwarara ruwan shayi tulu guda don katangar ta yi kamar ta ga kakan kakana. Wallahi har na fara jin daɗin abin. Amma Kawu ban gaya masa ba. Mutumin da ya taɓa sa ni sauke katanga sukutum saboda ta karkace da faɗin yatsa, ta ina zan fara? Duk sanda ya tambaya sai in ce, "'Yar katanga ce kawai, Kawu."

Ranar Talata da safe matata ta haihu. Hankalina ya tafi yawo. Na rungume mai gadin asibiti, na raba dabino ga mutanen da ban sani ba, na kira Sudan sau bakwai ina maimaita labari ɗaya. Cikin wannan rawar kai na tuna simintin da na zuba jiya yana son ruwa. Na miƙa wa Kawu makulli na ce, "Don Allah Kawu, leƙa istirahar nan ka ba simintin ruwa." Ko kusa ban tuna abin da zai tarar ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar muhandis zai kawo abokansa su ga aikin. Na riga su da awa ɗaya, ina tafe ina waƙa. Ina buɗe ƙofa na koma baya na duba lambar, don na ɗauka lambun wani na shiga. Katanga ce a gabana, cikakkiya, fara fat. Ƙofofi uku a haɗe har tsininsu, an yi shafe, an yi fenti. Ga Kawu a kan tabarma da tsofaffin abokansa biyu suna shan gahawa.

Ya ja ni gefe ya rage murya. "Kada ka damu, ɗana, babu wanda ya gani. Kowane magini aiki yana faɗo masa. Kwana uku muka yi a kai. Amma wa ya sayar maka da duwatsun nan? Datti kamar daga bola, sai da muka sa sabulu."

Dariya ta kama ni, irin wadda tsoro ke kawowa. Ina dariya ina hango jirgin Sudan. Kafin in haɗa kalma, mota ta yi hon.

Muhandis ya shigo da baƙi huɗu, ya tsaya cik. "Esh hada? Mene ne wannan? Ina kangona?"

Babu mafita, na faɗi gaskiya a gaban kowa. Kawu ya juyo a hankali ya dube ni. "Da gangan? Da hannunka ka rusa?" Baƙin nan suka fashe, ɗaya har ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Muhandis kuwa ko murmushi bai yi ba. Ya shiga ƙarƙashin ƙofar tsakiya, ya ɗaga kai, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Wa ya haɗa wannan tsinin? Rabi kawai zanen ya nuna."

Kawu ya ce, "Me zan yi da takarda? Irinsu nawa muka gyara a Suwakin, can bakin teku a Sudan, muna samari."

Muhandis ya ce, "Ya ammi, baffana, mutanen cikin littafina hannu irin naka suka ƙare rayuwarsu suna nema." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma ina son kangona. Yalla, maza kawo guduma."

Na ɗaga guduma zan kai wa gefen ƙofar, Kawu ya daka mini tsawa. "Tsaya! Ba ta nan gini ke fara mutuwa ba." Ya ƙwace ta. Ya nuna mana yadda gishirin iskar teku ke cin katanga ta ƙasa, yadda ruwan sama ke shiga ta kai, da yadda ƙofa mai tsini ke zama ta ƙarshe a tsaye. Yana masifa yana bugu. Baƙi suka naɗe hannun riga suka shigo, wani likita a cikinsu yana kankare fenti, wani babban ɗan kasuwa yana shafa gawayi, duk Kawu na ba su umarni. Kafin magariba kango ya dawo, kuma ya ninka nawa kyau, har ni sai da na ji tausayinsa.

Muhandis ya kakkaɓe ƙura ya ce mini, "Halas, shi ke nan. Kawo takardunka ranar Lahadi." Ya sumbaci kan Kawu ya kira shi mu'allim, wato gwanin magina.

A mota ina ta tsalle a kujera. Sai da muka kusa gida Kawu ya ce, "Shekara hamsin ina gini, yau aka fara ce mini mu'allim, kuma don rushewa." Na yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ce, "Ba wannan ya dame ni ba. Mako uku muna cin abinci kwano ɗaya, kana jin kunyar gaya mini abin da hannunka ke yi."

Dariyata ta tsaya a nan. Tun daga ranar na gane cewa mai ƙaunarka ba ya tambayar dalili idan ya ga abinka a zube, tashi yake yi ya rufa maka asiri da dukan ƙarfinsa. Idan kuwa haka ne, bai kamata ya zama na ƙarshen jin gaskiyarka ba.