Kalar da Kwamiti Ya Yarda

A shagon fenti na unguwarmu, wata dattijuwa mai jan kallabi tana tsaye gaban katunan launi, ta kasa gaba ta kasa baya. Takardar kwamitin unguwa ce a hannunta. 'Yan sa-idon nan launi uku kacal suka yarda a shafa wa gida, duk ruwan toka ne mai duhu. Ita kuwa wani kati rawaya take ta shafawa da yatsa. Ina jin kalar gidanta ke nan tun tana amarya.

"Mama, wanne zan haɗa miki?" in ji mai shagon.

"Kowanne, ɗana. Duk kalar dutsen kabari ne."

Ta karɓi gwangwanin, ta waiga, ta cusa rawayan katin a aljihu kamar ɓarauniya, alhali kyauta ake bayarwa.