Maigadin da Bai Ci Kyauta Ba

Ran Asabar da ta wuce na bi ta gefen tafkin Njuwa a keke, sai wani ƙyalli ya kashe mini ido daga cikin shinkafa. Tsofaffin faya-fayan fim ne manoma suka rataye da zare don korar tsuntsaye. Mai keken ko waiwaye bai yi ba. Ni kuwa sai da gabana ya faɗi, domin na san wani faifai da ya taɓa lilo a irin wannan gona, kuma ni ce sanadi.

Shekarar da 'yan gudun hijira suka cika Jimeta ina aji shida. Babanmu ya kwashe buhunan masara daga ɗakin ajiya, ya sauke wata dattijuwa daga Borno wadda ta iso da ƙullin kaya ɗaya tak. Goggo muke ce mata. Gidanmu gidan kallo ne, in dai an kawo wuta. Da la'asar akan fito da talabijin baranda saboda zafi, a shimfiɗa tabarmi, ƙanshin gyaɗar da Inna ke soyawa ya cika tsakar gida. Maƙwabciyarmu malamar firamare, 'yar kudancin jiha, takan shigo da kujerarta da littattafan da za ta yi wa maki, amma ban taɓa ganin ta buɗe ko ɗaya ba.

In lokacin ba 'yan fim kyauta ya ƙarato, gidan sai ka ce kotu. Inna tana bayan jarumar da ta iya kuka. Malama ta ce kukan albasa ne, ita mai barkwanci take so. Yayata kuwa duk wanda ya iya sa shadda shi ne gwaninta, har katin wayar Inna take ƙararwa wajen tura masa ƙuri'a. In aka tambayi Goggo, amsarta ɗaya ce.

"Maigadi ne ya fi. Kyauta nashi ne."

Mu yara har kwanciya muke yi don dariya. A cikin ƙullinta akwai wani faifai, fim ne da ko mai shagon haya bai san shi ba, labarin ba kai ba gindi. A tsakiyarsa wani siririn saurayi yake buɗe ƙofar gida, mota ta shiga, ya rusuna ya ce, "Sannu da zuwa, Alhaji." Iyakar aikinsa ke nan. Amma duk ranar da aka samu wuta sai Goggo ta roƙa a saka mata, a mayar da wurin sau uku, sau huɗu.

Bari in gaya maka abin da manya suka sani, mu ba a gaya mana ba. Maigadin nan ɗanta ne, autanta. Ya je Kano neman shiga fim, wannan fitowar kaɗai ya samu, ya dawo gida da faifan yana ta rawar kai. Ranar da mahara suka shiga garinsu ya tafi kasuwa, kuma daga ranar ba gawa ba labari. Hotunansa sun ƙone tare da gidan. Fuskarsa a duniya ba ta rage ko'ina ba sai cikin faifan nan.

Da bazara shinkafar rani ta fara nuna, Bappa, ƙanen babanmu mai gona a Njuwa, ya zo ya ce a tara masa matattun faya-fayai. Ni aka sa. Na ga na Goggo a kan talabijin, duk ya karce, ga shi ya ishe ni. Ba kuskure ba ne, da gangan na jefa shi cikin ledar, ina murna na raba mu da maigadi.

Kwana biyu ba wuta. Ran na uku da aka kawo, Goggo ta laluba ba ta gani ba. Ba ta yi faɗa ba, sai ta zauna a ƙasa daɓas. Inna ta dubi fuskata sau ɗaya ta gane. Ba ta dake ni ba, ta ja ni bayan ɗaki ta gaya mini ko wane ne maigadin. Da ta dake ni da ya fi mini sauƙi.

Mu uku muka je gonar, ni da Inna da Malama, rana tana tsaka. Muka shiga taɓo muna juya faya-fayai ɗaya bayan ɗaya, jarumai duk sun koɗe suna lilo a iska. Malama ce ta same shi. An huda gefensa da ƙusa mai zafi, rana ta lanƙwasa shi. Da muka koma gida ta goge shi da man goge baki, an saka ya fi sau goma, na'urar tana tofo shi. Malama ta zaga shagunan Jimeta har da na cikin Yola, ba wanda ya taɓa jin sunan fim ɗin. Goggo ta naɗe faifan a ɗankwali ta ce mini, "Ba komai, yarinya bai sani ba." Daga ranar in ana gardamar kyauta sai ta tashi ta shige ɗaki.

Yanzu ba mai fito da talabijin baranda. Kowa da wayarsa, gardamar ma ta koma can, da mutanen da ba ka sani ba. Ina kewar hayaniyar nan ƙwarai. Amma a wayar ce, bara, bayan shekaru ina nema, na ci karo da fim ɗin, wani ya ɗora shi, hoton duk dishi-dishi.

Goggo tana Damare yanzu wajen 'yar ƙanwarta, yanar ido ta rufe mata gani. Na kai mata, na ce akwai abin da nake so ta gani, sai na tuna ba za ta gani ba. Na kara mata wayar a kunne. Ƙofa ta yi ƙara, mota ta shiga, muryar ta ce, "Sannu da zuwa, Alhaji."

Ta riƙe hannuna da wayar gam. Can ta ce, "Mayar." Na mayar. Sai da muka yi sau bakwai, sannan ta tambaye ni ko har yanzu ba su ba shi kyautar ba. Na ce ba su ba shi ba, Goggo.

"Ba su iya kallo ba," in ji ta. "Mayar."