Ranar da Na Kira Sunan Surukina

Cikin duk shekarun da na yi a wajen injin tsaga katako, akwai wata Laraba da ba ta taɓa fita daga raina ba. Labarinta nake fara ba wa duk wanda aka kawo mana sabo, tun kafin in nuna masa inda zai tsaya.

Ƙungiyarmu ta manoman rani a Tiga ce ta sayi injin, shekarar da na gama ajin yaƙi da jahilci. Ba irin na kasuwar 'yan katako ba ne da ake girkewa wuri ɗaya. Wannan ana kwance shi a ɗora a mota a kai gona. Zartonsa zagaye yake kamar faifai, yana tafiya a kan dogayen ƙarafa biyu, gungume yana kwance a ƙasa tsakaninsu. Mai inji zai tura shi gaba faifan yana kwance, in ya kai ƙarshe sai ya juya shi ya miƙe tsaye, ya jawo shi da baya. Zuwa ɗaya, dawowa ɗaya, katako ya fita.

Maigidana, Baban Abba, shi ne mai inji. Samari biyu suna mirgino gumagumai. Ni kuma aikina kwashe katako da duba weji, wato 'yan itatuwan da ake cusawa a gefen gungume don kada ya motsa. Nakan sa gajeren hijabi in cusa bakinsa cikin zani in ɗaure tamau, don ba a son komai yana lilo kusa da zarto.

Baƙo yakan ɗauka babban gungume ne abin tsoro. A'a. Babba nauyinsa ya ishe shi zama. Ƙarami ne mai rawar kai. Zarto yana cizonsa zai iya mirginawa ko ya yi tsalle, ɓaraguzai su tashi kamar an harbo su. Shi ya sa muke sare masa gurbi a jikin itacen da zai kwanta a kai, mu buga weji hagu da dama, mu kewaye wurin da igiya. Gefen da zarto yake watso garin katako kuwa, ko kaza ba ma bari ta gifta.

A ranar, darbejiyar ƙofar gidan surukina muke tsagawa. Iska ce ta kayar da ita farkon damina. Baba, wato surukin nawa, shi ya dasa ta da hannunsa bayan ruwan dam ya tashe su daga tsohon ƙauyensu, kuma ya ce benci yake so a yi masa da ita na zaman hantsi. Mun gama da gindin lafiya, saura wani reshe da bai wuce kaurin cinya ba.

Ku da kuka san gidanmu kun san tsakanina da Baba sai gaisuwa daga durƙushe. Ban taɓa haɗa ido da shi ba. Sunansa kuwa ko a mafarki. Ɗana na fari sunansa ya ci, shi ya sa muke ce masa Abba. Kuma ni dama ba mai ɗaga murya ba ce, ko yara nake wa faɗa sai maƙwabta su zaci hira muke.

Na kai katako kan tsibi na juyo ke nan, sai na hango Baba da babbar rigarsa ya ɗaga igiya da sanda ya shigo. Ashe ya hangi weji ɗaya yana zamewa saboda girgizar inji, ya taho ya tura shi da sandar. Ta gefen da gari yake fita ya biyo. Baban Abba ya toshe kunnuwansa, idonsa yana kan zarto, bai san abin da ake ciki ba.

Samarin nan biyu fa? Sai suka zube ƙasa.

"Barka da fitowa, Baba! Ina kwana, Baba?"

Wallahi gaishe shi suke yi. Shi kuma yana ɗaga musu hannu yana ci gaba da tafiya.

Na ce, "Baba, a koma baya." Ƙarar inji ta haɗiye maganar. Na sake faɗa da ɗan ƙarfi. Ina! Ta ko'ina Baba ake cewa, ya ɗauka duk gaisuwa ce. Ya fara sunkuyawa, hannun rigarsa yana reto.

Ban san lokacin da na buɗe maƙogwaro ba.

"Malam Idrisu! Ja da baya!"

Ko yanzu da nake rubuta sunan sai da hannuna ya tsaya. Baba ya miƙe zumbur kamar an watsa masa ruwa, ya ja da baya har sandarsa ta faɗi. Baban Abba ya hangi inuwar mutum ya kashe inji, amma faifai ba ya tsayawa nan take. Reshen ya murɗa, wani ɓalli ya fizge ya wuce daidai inda kan Baba yake ɗazu, ya huda jarkar ruwanmu.

Ruwa ya kama tsiyaya. Ni kuwa na durƙushe na rufe fuska. Ba zarto nake tunani ba kuma. Ina tunanin yadda zan sake shiga gidan nan, da abin da za a faɗa a gari kafin azahar.

Baba ya dubi jarkar, ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce, "Wa ya kira ni?"

Ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Na ce wa ya kira ni?"

Baban Abba ya ce, "Baba, a yi haƙuri, tsoro ne ya sa ta..."

"Kai, rufe mana baki, ba da kai nake ba. Uwar Abba, ashe kina da murya? Rabon da mace ta kira sunan nan haka tun ranar da na saki akuyar mahaifiyata ta shiga gonar mutane."

Sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Ya juya kan samarin ya ce, "Ku kuma sarakan ladabi, da yanzu kuna nan kuna gaishe ni har maƙabarta. Ina kwana, Baba! Ina gajiya, Baba!" Yana kwaikwayonsu yana durƙusawa. Kowa ya kama dariya, ni ina yi ina share hawaye.

Ya ce in tashi. Ya sa mini albarka a gaban kowa, ya ce, "Ku shaida, a cikin igiyar nan babu suruki, babu dattijo. Wanda ya ga haɗari ya kira sunan ko wane ne. In an fita waje, kowa ya koma matsayinsa."

Muka sake sare gurbi mai zurfi, muka buga sababbin weji, Baban Abba ya rage cin zarton yana yanka kaɗan-kaɗan. Reshen ya ba mu ƙafafun benci huɗu masu kyau. Baba yana wajen igiya yana kallo, duk tsohon da ya doso sai ya tare shi da sanda ya ce, "Tsaya nan, Malam, kada a kira sunanka."

To, ku sababbi, abin da na koya ke nan. Mu mutane ne masu kunya, kuma ba na so mu rabu da ita. Amma inji bai san babba ba. In kun ga mutum ya doshi zarto, ku fara tsayar da shi da duk muryar da Allah ya ba ku. In ya tsaya da ƙafafunsa lafiya, sai ku durƙusa ku gaishe shi.