Jan Fenti a Ƙafar Motata

Shekara tara ni nake ɗaukar Baba a motata. Suna ne, ɗaurin aure ne, gaisuwar mutuwa ce, ko ina za a je daga Dogon Dutsi, kujerar gaba tasa ce. Motar tsohuwa ce, na saye ta hannu na uku da albashin malamin makaranta, ƙofar baya ma sai an buɗe ta daga waje. Amma idan muka isa gari aka ga tsoho ya fito daga gefena, kowa ya san wane ne babban ɗa. Ban taɓa gaya wa kowa cewa wannan yana yi mini daɗi ba.

Sai ƙanena ya dawo daga Kwatano da tasa. Shi ɗan kasuwa ne, mai ɗangalallen wando da gemu, hannunsa a buɗe, kowa na sonsa, har da ni idan ba ya kusa. Motar baƙa ce wuluk, ƙafafunta masu manyan tagogi, ta cikinsu kana hango ƙarfen nan da ke matse birki, wanda makanikai ke kira etiriye, an shafe shi ja jawur. Ya tsayar da ita a ƙofar gidanmu na gado, daidai inda na saba tsayar da tawa.

Baba ya fito yana dogara sanda. Bai kalli kujeru ba, bai kalli fitilu ba. Ya sunkuya a ƙafar gaba, ya zura sandarsa ya taɓa jan ƙarfen.

"Wanga hwa?" ya ce.

Ƙanena ya yi dariya. "Ado na, Baba. Haka ag gina ta."

Baba ya daɗe yana kallo, ya ce "Uhm," ya miƙe. Ni kuwa ina tsaye a baya, kishi ya turnuƙe ni. Shekara tara bai taɓa sunkuyawa ya kalli komai a jikin tawa ba. Ga shi Lahadi mai zuwa akwai ɗaurin auren ɗan gwaggonmu a Kore Mairuwa, dukanmu za mu je, kuma mota biyu ce yanzu a gidan. Na kwana uku ina ganin tsoho yana fitowa daga baƙar mota a gaban dangi, ni kuma ina biye da mata da kwanukan abinci.

Ran Asabar da safe na tafi kasuwa na sayo ƙaramin gwangwanin jan fenti da buroshi. Mai shagon ya ce na ƙofar ƙarfe ne, na ce ƙarfe duk ƙarfe ne. Wani makanike da na tambaya a kaikaice, kamar wani nake tambayar wa, ya ce a wanke etiriye da isansi, wato man fetur, a goge tsatsa, a rufe faifan birki kada fenti ya taɓa shi, a shafa siriri sau biyu, a bar shi ya kwana kafin a mayar da taya. Na ji duka, na ɗauki rabi.

Na shigar da motar cikin gida ƙarƙashin dalbejiya, na rufe ƙofa don kada maƙwabta su gani. Na ɗaga ta, na kwance taya, na rufe faifan da tsoffin takardun jarrabawa. Maiɗakina ta fito daga madafa ta tsaya a kaina, ta kira ni da laƙabin Faransanci da ake kiran malaman makaranta da shi a wajenmu.

"Mushe, lahiya? Birki ya ɓaci?"

"Gyara nika yi."

Ta kalli gwangwanin, ta kalle ni. "Irin na ƙanenka?"

Na ce ta koma ga tukunyarta. Ta koma, amma ina jin dariyarta har daga madafa, kuma dariyar ce ta sa na ƙara zuba fenti.

Abin da ban lissafa ba shi ne ƙafafun motata ba su da tagogi. Faranti ne na ƙarfe mai 'yan ramuka kamar matankaɗi. Da na mayar da taya ta farko na ja baya in gani, babu abin da ya fito. Duk wahalar nan a ɓoye! Haushi ya kama ni, na zura buroshi ta ramukan na riƙa lafta wa ƙarfen fenti har ya cika ya fara tsiyaya. Ya gangaro ta ramukan, ya bi bakin taya, ya ɗiga a yashi. Na yi wa ƙafafun gaba biyu haka, na ce da safe in ya bushe zan goge na wajen. Da azahar rana ta yi zafi, kajin gidan suka shige inuwar motar yadda suka saba, suka yi ta birgima a gindin taya.

Da safe fenti bai bushe ba, kuma bai gogu ba. Gashin kaza ya manne a kansa ta ko'ina. Na cire wanda na iya, lokaci ya ƙure, na tuƙa zuwa gidan Baba.

Ƙanena ya riga ni. Ya buɗe ƙofar gaba ta motarsa yana jira, sanyi na fitowa daga ciki. Da ya ga ƙafafun tawa sai ya juya kai, kafaɗunsa na rawa. Da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige.

Baba ya fito cikin farar riga. Ya nufi baƙar motar, sai idonsa ya faɗa kan tayata, ya tsaya cak. Ya zo ya sunkuya, ya kalli jan da ya gangaro, ya kalli gashin kaza biyu da suka rage, ya kalli ramukan. Sannan ya zagaya ya buɗe ƙofata da kansa, ya zauna a kujerarsa.

"Ku biyo mu," ya ce wa ƙanena.

Mun bar gari, mun hau kwalta, warin fenti mai zafi ya fara shigowa. Baba bai ji ba, ko ya ji bai damu ba. Sai da muka wuce kwanar da mota ta kife da ƙanensa tun ina yaro ya yi magana. Ya daɗe da barin yanka irin na kakanninmu, sahun gaba yake salla, amma bai taɓa yarda cewa gudu ne ya kashe ƙanensa ba. A wurinsa doguwar hanya ce, wato aljanar wurin, ta sha jininsa.

"Na ga ja ga ta ƙanenka, na aza ya yi ma hanya haƙƙinta," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa. "Ashe ado na. Kai ko ba ka hwaɗa ma kowa ba, kat tashi kay yi." Ya dafa gwiwata. "Shekara tara ina shiga motag ga da tsoro, ban iya ce maka ka yi ba, don kar ka ce tsoho ya koma arne. Zakara kay yanka?"

A madubi ina ganin baƙar motar tana biye, kujerar gabanta babu kowa. Abin da na kwana uku ina nema ke nan. Na buɗe baki in ce fentin ƙofa ne, in ce kishi ne kawai, amma hannunsa na kan gwiwata, kuma rabon da ya dafa ni tun ina ɗan makaranta.

"Zakara na, Baba," na ce.

Ya gyara zama, ya jingina kai, kafin mu kai Kore Mairuwa ya yi barci. Ban taɓa ganin ya yi barci a mota ba.

Ya ci gaba da shiga tawa har ƙarshen ransa, kuma ban gaya masa ba. Ƙanena bai taɓa nuna ya damu ba. Duk Juma'a yakan zo ya zauna a tabarmar Baba su yi ta gardama kan iskoki, tsoho na zaginsa yana dariya. Ni ina gefe ina zuba shayi, ina jin kishin nan dai bai tafi ba. Ƙanena dai Baba ya san shi sarai kuma yana sonsa a haka. Ni kuwa saboda zakaran da ban yanka ba ya dafa ni.