Ranar Da Baba Ya Sauka Daga Jirgin Ruwa A Safaga

Makka zuwa Jidda

Ana sallame sallar asuba muka bar unguwarmu Rusaifa, ni da Baba. Ƙanena Sani ne ya shirya tafiyar, wai tsoho daga gida sai Harami, a kai shi ya sha iskar teku. Shi mai shawarar kuma aiki ya riƙe shi. Ni Rabi, da ko kwatami ba na tsallakewa sai da bisimilla, ni aka ɗora wa.

Direban tasin Basakkwace ne. Ya dube mu ta madubi ya ce, "Baba, bahar za a shiga, teku ke nan? An dai yi muku huruj wa auda ko?"

Na ce an yi. Izinin fita da dawowa ke nan, kuma duk mai iƙama, wato takardar zama, da ke sha'awar yawon jirgin ruwa shi zai fara nema, tun kafin ya ɗaure jaka.

A tashar Jidda na ɗaga kai, gabana ya faɗi. Wannan jirgi ai unguwa guda ce aka ɗora kan ruwa! Ma'aikata suka karɓi fasfo ɗinmu suka ajiye, suka ba kowa kati, shi ne makullin ɗaki, da shi ake fita ake shiga. Baba ya yi shekaru a unguwar Nakkasa ba takarda, yana jin jiniya yana shigewa lungu, kafin Allah Ya sa a gyara masa zama. Sai da ya daɗe riƙe da fasfon kafin ya miƙa.

Kan teku

Kafin a tashi sai da aka busa ƙararrawar gwaji, aka nuna mana rigunan ceto. Wallahi ku gaya wa tsofaffinku tukuna, don Baba har ya fara kalmar shahada. Ku kuma nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, can ƙasa. Mu na sama muka zaɓa don son kallo, na kuwa ga kallo: abinci kala-kala a gabana, jiri ya hana ni ci, sai shayi da lemon tsami. Baba kuwa ras, damuwarsa ɗaya, alƙibla ba ta tsayawa wuri guda.

Safaga

Da muka tsaya a Safaga ta ƙasar Masar, jama'a suka sauka yawon gari. Mu ba mu sauka ba saboda ƙafar Baba. Aka sanar cewa kafin magariba za a janye gadar shiga jirgi. Na sha maganin jiri bayan azahar, barci ya kwashe ni.

Na farka la'asar sakaliya, ba Baba, ba sandarsa. Na duba masallaci, na duba wurin cin abinci, na hau na sauka, kowane lungu kamar ɗan'uwansa. Na ruga wurin masu karɓar baƙi. Ma'aikacin ya danna na'ura ya ce, "Ya sayyida, mahaifinki ya fita daga jirgin. Bai dawo ba."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Tsoho mai nauyin ji, ba fasfo, ba waya, a ƙasar da bai san kowa ba. Suka kira sunansa a lasifika, na ce ku bari, ko a gida sai an taɓa shi.

Can ina kuka sai abin ya faɗo mini. Mu 'yan Makka da cunkoson alhazai muka tashi, kuma dokar gidanmu ɗaya ce: in kun rabu a Harami, kada ka yi yawon nema, koma ƙofar da kuka shigo ka zauna. Na ce lalle Baba ya fita neman masallaci ne ya ɓata, ya yi abin da ya koya mana.

Mai gadin gadar ya ce, "In kin fita, ki sani jirgi ba ya jiran kowa."

Na ce, "Halas, shi ke nan, ku tafi da kayan."

Na sauka, abaya tana harɗe ni. Bakin gada babu shi. Motocin masu yawo suna ta sauke na ƙarshe. Can nesa na hango wani zaure mai ƙofar gilas, irin wanda muka bi a Jidda. Ina gudu jirgin ya yi wani kuka da ya girgiza mini haƙarƙari.

Ga Baba zaune a bakin ƙofar, ya miƙe ƙafa, carbi a hannu.

"Kin daɗe, Rabi."

"Baba, tashi don girman Allah!"

Wani Bamisire mai tura kaya ya ɗora shi a amalankensa, muka kwasa. Mu ne na ƙarshe. Ina jin ƙarar gadar a bayana ana janye ta, mutane a sama suna ta tafi, ni ko kallonsu ban yi ba.

Daga ranar, duk wanda ya tambaye ni shawara nakan ce, kuna shiga ku zaɓi wurin haɗuwa a cikin jirgin, ku kai tsohonku ya gan shi da idonsa.

Komawa gida

Sauran kwanakin tafiyar, Baba bai ta da maganar ba. Sai da muka sauka Jidda, mota ta wuce shingen shiga Makka, na ji yana jan hanci.

"Rabi, na ji kukan jirgin nan sarai. Na so in tashi, ƙafa ta ƙi."

"Kun tsorata, Baba?"

"Ba mutuwar ba. Na bar garinmu ina saurayi don a binne ni a nan. Sai na ce, yau ga ni za a tona mini rami a bakin ruwan wasu."

Na riƙe hannunsa har ƙofar gida. Sani ya fito da murna yana tambayar yaya hutu. Baba ya ce, "Alhamdu lillahi, Allah Ya yi maka albarka. Kawo buta, ka kai ni Harami."