Wakili mai kai likita ta'aziyya

Da na dawo gida daga karatu, ban yarda zama a tabarma yana raba rigimar asibiti ba. Inda na yi karatu, kwamiti ake kafawa. Shi ya sa na je neman Malam Wakili, don in ga ko ni ce ban fahimta ba.

Manomin albasa ne a wani ƙauye kusa da Garbadu, gidansa na jikin katangar ƙaramin asibitin garin. Babu wanda ya naɗa shi komai. Amma tun yana saurayi, duk wanda ya rasu a hannun likita, Wakili zai sa hula, ya ɗauki likitan har gidan mamacin, su zauna a yi addu'a tare. Ya ce mutum ba ya zagin wanda ya shafa fatiha da shi. Likitoci da dama sun daɗe a garin albarkacin wannan.

Bara aka kawo Salma, matar wani Balarabe, tana naƙuda tana zubar da jini. Mijin na gona mai nisa. Likita Hamdiyya, ita kaɗai ta rage a asibitin, ta yi mata aiki ba ta jira shi ba. Salma ta rasu. Balarabe ya zo da sanda ya farfasa tagogi, yana cewa an yanka masa mata babu izininsa. Likita ta fara haɗa kayanta.

"Ɗiyata, aje jakar nan," in ji Wakili. "In kin tafi, wa za ya duba matanmu? Ni da albasata?"

Ta bi shi gidan makokin. Suna yin sallama, Balarabe ya miƙe daga tabarma.

"Baba Wakili, kai nika jin kunya. Amma wagga ba ta zama gidana."

Suka juya. Daga baya Wakili ya koma gidan shi kaɗai, ya sake komawa da liman. Balarabe bai sauko ba. Maza suka daina kai matansu awo. Kafin damina ta faɗi, likita ta nemi canji ta koma Gusau, ba a turo wata ba.

Na tambaye shi ko zai kai likita na gaba ta'aziyya in an turo.

Ya dubi katangar asibitin. Ya ce, "Malama, yanzu muka zuwa ta'aziyya mu kaɗai. Wanga wata, mata biyu masu naƙuda munka rufe."