Hatimin da Na Kankare

Maigidana a Bagadaza ya yi karatun injiniya, a wata jami'a ta limaman Katolika. Musulmi sun fi yawa a ajinsu, kuma ya ce ba wanda ya taɓa hana shi salla. Da muka tare a unguwar Bani Malik, a ƙasa mai tsarki, sai ya rataye takardar shaidarsa a falo. A tsakiyar hatimin da ke jikinta akwai ɗan gicciye, bai kai ƙwayar wake ba.

Wata rana mata suka zo mini wuni. Wata gwaggon maƙwabciyata, mai idon tsiya, ta tsaya gaban takardar ta dafe ƙirji.

"La'ilaha! 'Yar nan, gicciye a ɗakin da kike salla?"

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Suna fita na sauko da takardar, na ɗauki reza na kankare gicciyen. Garin kankarewa har takardar ta huje. Na mayar da ita bango kamar ba a taɓa ta ba.

Bayan 'yan watanni wani kamfanin gine-gine ya neme shi, aka ce ya kawo takardarsa ta asali. A can ya ga ɓarnar. Mai ɗaukar ma'aikatan ya ɗaga ta a haske ya ce, "Jabu ce. Halas," wato shi ke nan da Larabci.

Maigidana ya dawo ya ajiye ta a gabana.

"Ke ce?"

"Ni ce, Malam."

"Ba komai, zan rubuta su aiko da wata."

Ya yi ta rubutawa, shiru. Sai lokacin aikin hajji wani abokin karatunsa ya sauka gidanmu, ya ce ai gwamnati ta karɓe jami'ar, ta kori limaman, ta haɗe ta da wata. Ko sunan babu yanzu, balle mai buga hatimin. Ina bayan labule da butar shayi, na kasa shiga.

Haka ya ƙare yana zana gidaje, wasu na sa hannu a kai. Bai taɓa yi mini gori ba, ni kuwa da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Kunyarsa nake ji har yau.

Matan unguwa "matar magini" suke kirana. Ban taɓa gyara musu ba, don na san in na ce injiniya ne, za su tambayi takardarsa.